Tsawar Kan Dutse Ba Ta Jiƙa Ciyawar Kwari

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya saba bin hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa ya san kalaman da ke maimaituwa idan watan Oktoba ya raba tsakiya: ana sa ran hadari da tsawa da yamma a tsaunukan Filato da na Mambila, sararin samaniya zai yi tarwai a mafi yawan jihohin arewa, zafin rana kuma zai ci gaba da ƙaruwa. Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau shi ne abin da na ji a cikin motar haya daga Jos zuwa Bauchi, lokacin da aka karanta irin wannan hasashe a rediyon direba. Wani dattijo da ke gefena ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe damina na nan da sauranta." Kowa a motar ya gyaɗa kai. An ji rabin maganar da ya ambaci ruwa, an yi watsi da rabin da ya ambaci zafi, alhali kuwa a wannan rabin na biyu gargaɗin yake.

Mun baro Jos kwalta a jiƙe, amma kafin mu kai Toro ƙura ce ke tashi a gefen titi. Gamba ta fi tsayin mutum, kanta ya fara yin ja, damman dawa na jingine a gonaki ba a kai gida ba, harawar wake na shanye a kan rassan itatuwa, can kuma a gindin wani dutse hayaƙi ya riga ya miƙe. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, kuma wannan ɗan nisa ya isa ya nuna wa mai ido cewa tsawar kan dutse ba ta jiƙa ciyawar kwari.

Dalilin ba boyayye ba ne. Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa sun haura mita 1,800, tsaunin Mambila a jihar Taraba yana kusan mita 1,600, ƙololuwar Chappal Waddi kuwa, wadda babu dutsen da ya kai ta a Najeriya, ta kai mita 2,419. Duk hawan mita 1,000 iska na yin sanyi da kusan digiri 6. Saboda haka ragowar iskar teku mai ɗauke da laima, idan ta ci karo da waɗannan tsaunuka, dole ta hau, ta yi sanyi, ta haɗa hadari da la'asar, ta zubar da ɗan abin da ya rage mata a can bisa. Wannan ruwan bankwana ne na mutanen kan dutse. A ƙasa kuwa, gajimaren da ya yi wa ƙasa rumfa tun watan Yuli ya yaye, rana na dukan ƙasa kai tsaye, shi ya sa a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin Oktoba kan koma wajen digiri 37 bayan sanyin Agusta. Manomi ya san wannan zafin tun kafin a ƙirƙiro ma'aunin zafi, domin shi ne ke nunar masa da dawa. Shi ne kuma ke mayar da ciyawar daji makamashi.

A nan ne nake so a tsaya a yi lissafi. Ciyawa siririya ba kamar kututture ba ce. Ko an yi mata yayyafi da dare, rana ɗaya ta ishe ta bushewa ƙayau. Idan damina ta yi albarka ciyawa ta yi yawa, to abincin wuta ne ya yi yawa, wato shekarar da muke murna da ita ita ce shekarar da ta fi bukatar tsaro. Da shigowar Nuwamba iskar hunturu za ta taso daga arewa maso gabas, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka. Masana gobarar daji sun daɗe da auna cewa wuta mai hawa gangara tana ninka gudunta a duk ƙarin karkata na digiri 10, domin harshenta na gasa ciyawar da ke sama da ita tun kafin ya kai gare ta. Ku haɗa busasshiyar gamba, da iska mai ƙarfi, da gangaren dutse, sannan ku gaya mini wane ne zai tare wannan wuta da reshen ganye a hannu.

Na san abin da za a ce. Za a ce aradu ce ke kunna daji, ikon Allah ne, babu yadda bawa zai yi. Aradu takan kunna wuta, ban musa ba, musamman idan hadari ya yi walƙiya ruwan bai kai ƙasa ba. Amma a watan Disamba da Janairu, lokacin da dajinmu ke ci dare da rana, ina hadarin yake? Babu ko ɗigon gajimare a sama. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na filin da wuta ke cinyewa a duniya kowace shekara a nahiyar Afirka yake, kuma mafi yawansa hannun mutum ne ya kunna. Yaran da ke farautar gafiya da zomo ne, mai cire zuma ne da ya jefar da bakin wuta ya kama gabansa, mai sharar gona ne da ya ga ashana ta fi fartanya sauƙi, matafiyi ne da ya wurga guntun sigari ta tagar mota. A daina ɗora wa sama laifin ashana.

Za a kuma ce toka taki ce, haka muka gada. Tokar da iskar hunturu za ta kwashe kafin sati ya zagayo? Sinadarin da manomi ke sayen buhun yuriya dominsa, shi ne farkon abin da ke bin hayaƙi idan aka ƙone kara da ciyawa. Mutum ya ƙone takin da Allah ya ba shi kyauta, sannan idan damina ta zo ya shiga layin taki yana kukan tsada. Inda zan yi sassauci wuri ɗaya ne: ƙonen wuri, wanda ma'aikatan gandun daji ke yi tun ciyawa na da sauran ɗanye, da sanyin safiya ko da maraice, ana tsaye a kansa har ya mutu, yana da amfaninsa, domin yana rage abin da babbar wuta za ta ci daga baya. Sai dai wannan aiki ne na makonnin nan kaɗai, kuma shi ne ainihin abin da hasashen ke faɗa mana da muna saurare. Tsakanin ruwan ƙarshe da kankamar hunturu ƙofa ce ƙarama, mu kuwa muna zaune a bakinta muna kallon walƙiya a kan dutse muna cewa da sauran lokaci.

Mutanen Ghana sun ɗanɗana wannan sakaci a 1983, lokacin da fari da hunturu mai tsanani suka haɗu, wuta ta bi gonakin abinci da na koko ta cinye, yunwa ta biyo baya a shekarar da 'yan ƙasar kusan miliyan ɗaya suka koma gida daga Najeriya. Dattawan zango a Kumasi da Tamale ba su manta ba. Bayan nan ne ƙasar ta kafa dokar hana ƙona daji, ta sake ƙarfafa ta a 1990, aka kuma kafa 'yan sa-kai na kashe wuta a ƙauyuka. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake cewa ka yi da naka. A Nijar, a yankunan makiyaya na Tawa da Maraɗi da Damagaram, da zarar damina ta ɗauke akan fita a share dogayen layuka masu faɗi a tsakiyar makiyaya domin wuta ta zo ta rasa abin ci ta tsaya. Mu ma a Najeriya muna da ƙa'idojin hana ƙona daji da aka fitar a 2011 ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin kare muhalli. Ina tambaya, kuma da gaske nake tambaya: dagaci nawa ne aka taɓa karanta wa wannan takarda da harshen da yake ji?

Kada kuma a manta da inda muke. A Filato da kudancin Kaduna da Taraba, wutar da ta cinye damman manomi ko makiyayar Bafulatani ba ta tsayawa a kan asarar hatsi da ciyawa. Kafin toka ta huce an fara nuna yatsa, an fara cewa su wane ne suka yi da gangan, alhali wataƙila yaro ne ɗan shekara 12 ya bi gafiya rami. Yankin da zaman lafiyarsa ke tafiya a kan siraɗi ba shi da halin wasa da ashana.

Hasashe na iya kuskuren dutsen da hadari zai sauka a kansa gobe. Shere aka ce, ya zuba a Pankshin, wannan kan faru. Amma zuwan hunturu babu shakka a kansa. Mu ma masu riƙe da makirufo muna da namu laifin, domin mukan karanta hasashen a gurguje a ƙarshen labarai, kamar farashin kayan gwari, ba mu ce wa mai sauraro ga abin da zai yi da shi ba. To yau ga shi na faɗa. Mai unguwa da ardo da sarkin noma da sarkin baka su zauna a makon nan, tun ciyawa na karɓar fartanya. A share fili mai faɗi a kewaye rumbuna da masussuka da bayan gari, a kwashe damman da ke kwana a gona, a sauke harawa daga bakin daji, a kuma yi sanarwa a masallacin Juma'a da coci cewa duk wanda zai sa wa gonarsa wuta sai ya gaya wa maƙwabcinsa, ya kuma tsaya a kanta har ta mutu. Dattijon da muka shigo mota tare ya sauka a Nabordo, kuma daga inda ya tsaya yana jiran a sauke masa buhunsa ana hango hayaƙi a wurare uku.