Amsoshin Tambayoyinku: Jijiyoyi, garkuwar jiki da ciwon daji

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibi da ke gab da kammala digirinsa na uku. Ya ce ya ga ana neman masu bincike kan tasirin jijiyoyi a kan garkuwar jiki da ciwon daji. Shin mene ne haɗinsu, kuma wane aiki ake yi a ɗakin gwaji?

To Malam, jijiyoyin da ake nufi su ne masu kai saƙo, waɗanda suka fito daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu a jiki, har cikin saifa da ɓargo da kaluluwa, inda ƙwayoyin garkuwa ke zaune. A shekarar 2000, Kevin Tracey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa zaburar da jijiyar bagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangara zuwa ƙirji da ciki, na rage sinadarin kumburi mai suna TNF a jikin dabbobin gwaji. A 2013, Claire Magnon da Paul Frenette suka gano cewa jijiyoyi na tsirowa cikin sankarar firostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, suna taimaka mata ta kafu, ta kuma yaɗu. Sai a 2022 ɗakin gwajin Sébastien Talbot a Kanada ya nuna cewa jijiyoyin jin zafi na fitar da sinadarin CGRP a cikin sankarar fata, shi kuma yana gajiyar da ƙwayoyin CD8, waɗanda aikinsu ke nan su kashe ƙwayoyin daji.

Aikin, wanda galibi kwantiragin shekara 2 zuwa 3 ne, yawancinsa da ɓeraye ake yi. Za ka kashe nau'in jijiya guda, ka dasa ƙwayoyin daji, ka riƙa auna girman ƙarin da ya tsiro sau 2 ko 3 a mako. Lissafin girmansa shi ne tsawo sau faɗi sau faɗi, a raba biyu. Daga baya a cire shi, a narkar, a ƙirga ƙwayoyin garkuwar da ke ciki da na'ura.

Inda ake tuntuɓe shi ne a ƙananan abubuwa, kuma nan muke so ka kasa kunne. Sinadarin 6-OHDA da ake kashe jijiyoyi masu fitar da noradirenalin (sinadarin da jiki ke saki lokacin firgici ko damuwa) da shi ba ya jure iska da haske. Ana haɗa shi ne dab da yin allura, cikin ruwan gishiri mai ɗan bitamin C. In ka ga ya rine, ya lalace, zubar da shi. Jijiyoyin kuma suna sake tohowa cikin 'yan makonni, don haka dole ka rina naman da rinin da ke fito da jijiyoyi a ƙarshen gwajin ka tabbatar ba su dawo ba. Wajen yanka nama kuma, yanki mai kaurin maikuron 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kan sare jijiyar ta zama ɗigo kawai. Yi na maikuron 30 zuwa 50 ka ga tsawonta da rassanta.

Sai zafin ɗaki, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. Ana ajiye ɓeraye a wajen digiri 22, alhali jikinsu ya fi sakewa a kusan 30. Ɗakin gwajin Elizabeth Repasky ya nuna a 2013 cewa ƙari ya fi saurin girma a wannan ɗan sanyin, bincikensu na gaba kuma ya danganta hakan da ƙaruwar noradirenalin. Ke nan ɗakin kansa yana taɓa abin da kake aunawa. Ka rubuta zafinsa a kowane gwaji.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce da mahaifiyarta ke fama da sankarar mama. Ta ji an ce maganin hawan jini mai suna firofiranolol na toshe saƙon noradirenalin, shin ta saya mata?

Malama, Allah ya ba Mama lafiya, amma kada ki saya. Gaskiya ne ana gwada shi a kan masu ciwon daji, sai dai ba a amince da shi a matsayin maganin sankarar mama ba. Yana rage bugun zuciya, yana saukar da jini, yana iya toshe numfashin mai asma, yana kuma ɓoye alamun faɗuwar sukari ga mai ciwon suga. In kuma da ma tana shan sa saboda hawan jini, kada ta daina kwatsam, domin hakan na iya tayar da zuciya. Ki kai wa likitan da ke duba ta duk magungunan da take sha, shi zai yanke abin da ya dace.