Ƙanƙarar can da gonakinmu na nan

Jama'a masu sauraro, akwai maganar da nake ta ji a majalisu, kuma ta ishe ni: wai narkewar ƙanƙara a can ƙuryar arewacin duniya damuwar Turawa ce, ina ruwan manomin Ringim ko Auyo? To, da ruwansa kuwa.

Tun daga 1979 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yake ɗumama kusan ninki huɗu fiye da sauran duniya. Dalilin bai fi ƙarfin kowa ba. Farar riga na korar zafin rana, baƙa na shanye shi. Ƙanƙara fara ce. Idan ta narke, sai ruwan teku mai duhu ya bayyana ya sha zafin, ya ƙara narkar da wadda ta rage. Tsibirin Girinlan kaɗai yana asarar kimanin tan biliyan 270 na ƙanƙara duk shekara.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne daskararriyar ƙasar Saiberiya da Alaska da Kanada, wadda ta yi dubban shekaru ba ta saki ba. Matattun tsirrai da dabbobi suna binne a cikinta, ɗauke da sinadarin kabon kusan ninki biyu na wanda ke sararin sama yanzu. Ƙasar ta fara saki, suna ruɓewa, suna fitar da iskar da ke riƙe zafi. A watan Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk na Saiberiya. Saiberiya fa!

Wannan iska ba ta tsayawa a iyakar Rasha. Zafin da ya narkar da ƙanƙararsu shi ne zafin da ke kan gerommu. Duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska na ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, sai ruwan da zai sauka a hankali ya kwararo a dare guda. Mutanen Haɗeja da Kafin Hausa ba sa bukatar a tuna musu 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya.

Ba na cewa kowace ambaliya daga nan take. Ciyawar kachala da ta toshe kogin Haɗeja na da nata laifin. Amma toshewar kogi da ƙarin ruwan sama a kan gona ɗaya suke haɗuwa.

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, amma mu ake sa wa asara. Don haka shugabannin ƙananan hukumomi, ku kai hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa (NiMet) kowace unguwa da Hausa kafin a yi shuka, ku kuma matsa a yashe kogin tun da rani.