Amsoshin Tambayoyinku: Daga Landan zuwa Paris, awa nawa ne a jirgi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun yi yawa yau, lokaci kuma kaɗan ne.

Wata baiwar Allah daga Damagaram tana tambaya ko bizar Ingila za ta shigar da ita Faransa. A'a Hajiya, sai kin nemi bizar Shengen daban, wato bizar da ake shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai da ita.

Sai tambayar da mutane da dama suka aiko, ciki har da wani ɗalibi a Landan. Ya ce tikitinsa ya nuna tashi ƙarfe 9 na safe, sauka a Paris 11 da kwata, amma na dawowa tashi ƙarfe 6, sauka 6 da kwata. Wai ko kuskure aka yi? Haba ɗan makaranta, babu jirgin fasinjan da zai kai ka cikin minti 15! Agogon Paris yana gaban na Landan da awa ɗaya, kuma kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. In sake faɗa: wajen zuwa ka cire awa ɗaya, wajen dawowa ka ƙara ta. Duka biyun awa ɗaya da kwata ne. Nisan kusan kilomita 340 ne, kuma zaman cikin iska bai kai awa ba, sauran lokacin a ƙasa yake tafiya, ana jiran layin tashi.

Mun tuntuɓi wani masanin shirya tafiye-tafiye, ga abin da ya ce:

"To, ai ba lissafin sama ake yi ba, daga ƙofa zuwa ƙofa ake yi. Daga tsakiyar Landan zuwa filin jirgin sama na Heathrow a jirgin ƙasa na Piccadilly kusan awa guda. Ka isa da saura awa 2. In ka sauka a filin jirgin Charles de Gaulle na Paris ga layin fasfo, ga jiran kaya, sannan jirgin ƙasa na RER B ya ci minti 35 zuwa tashar Gare du Nord da ke cikin birnin. Awa 5 ta tafi ke nan. Shi kuwa jirgin ƙasa na Eurostar daga tashar St Pancras ta Landan zuwa Paris awa 2 da kusan minti 20 ne, ta ramin ƙarƙashin teku mai kilomita 50 da aka buɗe a 1994, kuma ana duba fasfo tun kafin a shiga. Wani abin kuma, wasu jirage masu arha sukan rubuta Paris, alhali a Beauvais za su sauke ka, fiye da kilomita 80 daga birnin, sai ka ƙara awa ɗaya da wani abu a bas."

Ni dai da ni ne, jirgin ƙasan zan bi, muddin na sayi tikiti da wuri, don kuɗinsa na tashi idan rana ta matso.

Malam daga Kumasi da ke tambayar tafiyar Istanbul, daga Landan zuwa can kusan kilomita 2,500 ne, awa 4 ko ƙasa da haka kaɗan. Dawowar takan fi tsawo, saboda iskar sama daga yamma take kaɗawa, jirgin kuma yana fuskantarta.