Wiwi da maganin likita ba sa jituwa

Salamu alaikum, jama'ar Damagaram. Likita ya rubuta maka magani, ka saya a farmasi, kana sha safe da yamma yadda aka ce. Sai dai ka ɓoye masa abu guda: kana busa wiwi.

Cikin wiwi akwai sinadarai biyu da aka fi sani, THC mai bugarwa da kuma CBD. Hanta ce ke sarrafa su, hantar nan dai da ke sarrafa yawancin ƙwayoyin da muke haɗiya. In aiki ya yi mata yawa, wani magani sai ya taru cikin jini. Ɗauki warfarin, maganin hana jini daskarewa: ka yi asuwaki ka ga dasashi na jini, haɓo ya ƙi tsayawa. Wasu magungunan kuwa hayaƙin ke sa hanta ta kore su da wuri, kamar teyofilin na asma da olanzafin na taɓin hankali. Kana sha, ciwo na nan.

Abin da ya fi tada min hankali shi ne masu sa barci: diyazefam, fenobarbital na farfaɗiya, da tramol. Su kwantar da ƙwaƙwalwa, wiwi ta ƙara dannewa. Matashi ya haɗa su ya hau kabu-kabu ya nufi kasuwar Dole, ido ya yi nauyi, yaro ya gitta, hannu ya makara wajen birki. Tramol ma shi kaɗai yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Mai hawan jini, ka sani wiwi na ƙara bugun zuciya da 20 zuwa 50 a minti ɗaya, kuma tare da maganinka kana iya miƙewa jiri ya kayar da kai.

To ka faɗa wa likita tun bai ɗauki biro ba. Kunya ce, na sani, amma riƙe sirrinka na cikin aikinsa. In za a yi maka tiyata, wajibi ne ya ji, don mai busawa kullum yakan buƙaci ƙarin maganin sa barci. Kada kuma ka yanke maganinka da kanka, musamman na farfaɗiya. In kuwa kun ga mutum ya kasa farkawa, numfashinsa ya ja baya, ko ƙirji na ciwo, ku kai shi asibiti nan take, ku tafi da kwalin maganin.