Sharhi: Dabbobin Hauren Giwa na Nimrud

Masu sauraro, sharhinmu na yau yana kan ƙananan siffofin dabbobi na hauren giwa da aka tono a Nimrud, tsohon birnin da Assuriyawa ke kira Kalhu, wanda ke da tazarar kimanin kilomita 30 kudu da Mosul a ƙasar Iraƙi. Sarki Ashurnasirpal na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a shekara ta 883 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya mayar da birnin fadar mulkinsa.

Waɗannan siffofi ba gumaka ba ne da ake kafawa su kaɗai. Manna su ake yi a jikin gadaje da kujeru da tebura na fada, to amma da yake katakon ya daɗe da ruɓewa, hauren ne kawai ya iso gare mu. A cikinsu akwai bijimai da zakuna da barewa tana kiwo, akwai kuma wanda ya fi ɗaukar hankali, wato saniya ta waiwayo tana lasar maraƙinta yayin da yake shan nono. A bayan wasu an karce haruffa domin kafinta ya san gurbin kowane yanki.

Abin lura shi ne, ko da yake ana danganta su da Assuriya, mafi yawansu ba hannun Assuriyawa ba ne ya sassaƙa su. Masu sana'a na biranen Siriya da na Finikiya, a gaɓar Tekun Bahar Rum, su ne suka yi aikin, kuma da yake Finikiyawa na kwaikwayon fasahar Masar, shi ya sa ake ganin salon Masar ƙarara a jikin da yawa daga cikinsu. Ta hanyar ganimar yaƙi da harajin da ake ɗora wa sarakunan da aka ci da yaƙi suka shiga Kalhu, kuma dubbai daga cikinsu an same su jibge a rumbunan sansanin Sarki Shalmaneser na Uku. A ganina, wannan tari ya fi nuna ƙarfin takobin daular fiye da ƙwarewar masassaƙanta.

Lokacin da Mediyawa, mutanen yankin Iran ta yau, da Babiloniyawa suka tumɓuke daular a wajajen shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, sun ɓamɓare zinariyar da ke jikin kayan, suka watsar da hauren, wasu a wuta, wasu a rijiyar fada. Taɓon rijiyar nan ne ya adana mafi kyawunsu har zuwa lokacin da ayarin Max Mallowan, masanin tonon kayan tarihi ɗan Birtaniya wanda ya fara tono a 1949, ya fito da su, kusan ƙarni guda bayan tonon da wani ɗan Birtaniya, Austen Henry Layard, ya fara a wurin a 1845.

Daga rijiyar aka ciro alluna biyu masu kama da juna, kowanne yana nuna zakanya ta danne wani saurayi a cikin furanni, an ƙawata su da zinariya da duwatsu masu launin shuɗi da ja. Guda yana gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Ɗayan kuwa an sace shi daga gidan tarihi na Bagadaza a watan Afrilun 2003, sannan a 2015 mayaƙan ISIS suka tarwatsa fadar da aka samo su a cikinta da nakiyoyi.