Gashin goshin Sadhana da hotunan da suka yaɗa shi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo game da Sadhana, jarumar finafinan Indiya da aka haifa a Karachi a 1941, ta rasu a Mumbai a 2015.

Na farko, gashin goshi. Da za a ɗauki fim ɗin Love in Simla, wanda ya fito a 1960, darakta R.K. Nayyar ya ga goshinta da faɗi, sai ya ce a datse mata gashin gaba ya sauko ya rufe shi, irin na Audrey Hepburn, jarumar finafinan Hollywood. Ku dubi hoton nan na jikin allo. Gashin ya tsaya a saman gira, idanun sun fito tar. Don Allah ku sake dubawa! Har gobe a Indiya da sunanta ake kiran wannan yankan gashi. Kuma ku lura, a wancan zamanin fim a silima yake, ka kalla ka fito, ba ka tafiya da shi gida. Hoto kuwa, na mujalla ko na kalanda, yarinya za ta yanke shi da almakashi, ta kai wa mai gyaran gashi ta ce, irin wannan nake so. Hoton ne ke shiga shago, jama'a, hoton ne. Af, Nayyar ɗin nan shi ya aure ta a 1966.

Sai riga da wando matsattsu da Bhanu Athaiya, mai tsara suturar finafinai, ta tsara mata a fim ɗin Waqt na 1965, su ma suka zama yayi. Lokaci na ƙurewa, bari in wuce. Da girma ya zo, bayan ciwon da ya taɓa mata idanu, ta riƙa ƙin yarda a ɗauke ta hoto, domin a ci gaba da tuna ta da fuskar da aka sani. Ni dai ina ganin ta yi daidai.

Na'am, Hajiya? Wai ko yayin ya iso nan? Gashin goshin dai bai samu gindin zama ba, tunda mu kitso ne da ɗankwali. Amma finafinan sun iso ta hannun 'yan Labanan masu gidajen silima a Kano, hotunan jaruman kuma aka manna su a shagunan teloli da jikin motocin haya. Ki tambayi tsohon tela a Fagge, zai ba ki labari fiye da ni.