Dam yana Tiga, gona tana nutsewa a Guri: ina haɗin?

[Bangon dam daga sama]

Duk damina sai gardamar nan ta dawo Facebook: in dai dam tare ruwa yake yi, me ya sa gonakin Hadejia da Guri suke nutsewa? Nan da nan wani ya ce, "An buɗe Tiga!" To, mu bi ruwan da ƙafa.

Ga Tiga a kan kogin Kano, aikin zamanin Audu Bako, an gama shi a 1974. Ga na Challawa, 1992. Ruwan su biyun ne yake haɗuwa ya zama kogin Hadejia. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura, ruwan Tiga suke sha. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

[Fadama, kwalekwale]

Wurin da ake ɓata lissafi shi ne lokacin zuwan ruwan. A da, kogin Hadejia yana cika wajen Agusta, ya malale fadama, ya ajiye laka, ya janye. Manomi ya yanke shinkafa, ya bi danshi da wake, makiyayi ya shigo da shanu. Da rani kogi ya ƙafe ƙaf, sai yashi. Ku riƙe wannan ƙafewar, don ita take kashe ciyawa, ƙarfin ruwan damina kuma ya wanke hanya.

Da aka yi dam, sai aka danne ruwan damina, ana sakinsa kaɗan-kaɗan har rani. Kogi ba ya ƙafewa, ba ya kuma gudu da ƙarfi. Kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan, ta samu gidan haya kyauta!

[Kacalla, ta fi mutum tsawo]

Ku dube ta. Tana tare laka, laka tana ƙara mata wurin zama, hanya ta toshe. Ruwa kuwa ba ya jiran izini. Sai ya karkata ta reshen kogin da ake kira Marma ya nufi Nguru, ya kwanta a gonakin mutane. Su kuma na Burum Gana, wani reshen kogin, suna kallon busasshen rafi. Kogi ɗaya, wani na kukan ambaliya, wani na kukan fari. Ga tsuntsayen jan-baki sun yi sheƙa cikin kacallar, suna jiran shinkafa ta nuna.

Ni a ganina, ihun "a rufe dam" ba zai kai mu ko'ina ba. A riƙa sakin ruwa mai yawa da damina, a bar kogin ya sha iska da rani.

[Mutane cikin ruwa har ƙirji, da lauje]

Waɗannan gayya suke yi, suna yanke kacallar da hannu. Baɗi war haka ta sake tofowa.